Talewa Gaba da Baya

Tun zangon farko na bana aka laƙaba mini sunaye biyu a makarantar nan. Na farko shi ne Ɗan Indiya, wannan kam bai dame ni ba, har amsawa nakan yi. Na biyu shi ne Mai Bautar Biri, shi kuwa ba suna ba ne da Musulmi ɗan Musulmi zai ji ya yi dariya. Na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya a layin abinci, don haka da malamin Hausa ya ce a kawo rubutu saboda mujalla, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, bari in zube maganar gaba ɗaya kowa ya ji.

Abin da ake hango ni ina yi a bayan ɗakin gwaje-gwaje bayan sallar la'asar, sunansa talewa. Iri biyu ce. Akwai ta gefe, wadda mutum zai ware ƙafa ɗaya dama ɗaya hagu, irin ta 'yan kareti a fim. Akwai kuma ta gaba da baya, ita ce tawa. Ƙafa ɗaya za ta miƙe gaba, diddige a ƙasa, ɗayar ta miƙe baya, gwiwarta na kallon ƙasa, a yi ta sauka har cinyoyin biyu su kwanta bisa tabarma, mutum ya koma kamar almakashin tela da aka buɗe har ƙarshe. A baki abu ne mai sauƙi. Wanda yake ganin haka ne a aikace, ga fili ga mai doki.

Ba sha'awar Indiya ce ta kai ni ba, tseren tsallake shinge ne. Waɗanda suka kalli gasar gidaje ta bara sun ga yadda na kwashe shinge huɗu cikin goma da ƙafata, na ƙarasa na biyar. Da aka tashi malamin wasanni ya kira ni gefe, ya ce, "Kai yaro, gudu kam Allah Ya ba ka, amma cinyarka kamar icen ƙirya take." Ya bayyana mini cewa gwanin wannan tsere ba tsalle yake yi ba, taki ne mai faɗi yake yi ta bisa shingen, taku uku a ƙasa, na huɗu a sama. Wanda cinyarsa ba ta buɗewa tilas ne ya yi tsalle sama sosai kafin ya haye, lokacin da yake shawagi a iska kuwa abokan tsere sun yi gaba. Shingen 'yan shekaruna tsayinsa santimita 91 ne, na manya kuwa ya ɗara mita guda. Ya ce in nemi hoton Tobi Amusan, 'yar Nijeriyar nan da ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge a garin Eugene na Amurka a 2022, cikin daƙiƙa 12.12, in dubi ƙafafunta sa'ad da take bisa shinge. Na nema na gani. Talewa ce take yi a cikin iska.

A ran nan ya sa na gwada a gabansa, ya ɗauko rula ya auna daga ƙasa zuwa cinyata. Santimita 26. Na rubuta a bayan littafin lissafina, tare da kwanan wata.

To, ina yoga ta shigo? A laburarenmu, a kanta ta ƙasa can wajen taga, inda ƙura ta fi yawa, akwai wani tsohon littafi mai suna Light on Yoga, wanda wani Ba'indiye, B.K.S. Iyengar, ya wallafa a 1966. Bangonsa ya rabu, an liƙe shi da gam. Ina zaton wani daga cikin malaman Indiya da suka koyar da lissafi da kimiyya a makarantun Arewa a shekarun 1970 da 1980 ne ya bar shi, don Babana ya sha ba mu labarinsu, su suka koyar da su. Littafin na ɗauke da zama da tsayuwa iri-iri kimanin 200, da hotuna wajen 600, duka na marubucin ne da kansa, daga shi sai ɗan gajeren wando. Mutumin ya rasu a 2014 yana da shekara 95. Can wajen ƙarshen littafin na ci karo da ainihin abin da malamin wasanni ya sa ni, an bi shi daki-daki, an kuma ba shi suna Hanumanasana.

Daga sunan nan rigima ta taso, don haka bari in faɗe shi yadda yake, ba ɓoye-ɓoye. Asana a harshensu na da, wato Sanskirit, tana nufin zama. Hanuman kuwa wani ne mai siffar biri a cikin tsohon labarinsu na Ramayana. An ce wani sarki, Rawana, ya sace Sita matar Rama ya ƙetare teku da ita zuwa tsibirin Lanka, sai Hanuman ya yi tsalle ɗaya ya haye tekun don ya nemo ta. Mabiya addinin Hindu suna girmama shi, suna ma bauta masa, masu kallon fina-finan Indiya sun sha ganin gunkinsa. Talewar gaba da baya ta yi kama da wannan babban taki nasa, shi ya sa suka raɗa mata sunansa. Wani abokin kwanana ya leƙa littafin a kan gadona, ya karanta wannan shafi, kafin a kaɗa ƙararrawar kashe fitila labari ya gama ɗakuna.

Zan komo kan wannan. Amma tukuna bari in faɗi yadda ake yin abin, don akwai ƙananan yara da na ga sun soma kwaikwayo, ina kuwa jin tsoro.

A bayan cinya akwai tsokoki uku dogaye. Sun kama daga ƙashin nan da mutum ke zama a kansa, suka gangara har ƙasan gwiwa. Su ke hana ƙafar gaba miƙewa. Ƙafar baya kuma abin da ke riƙe ta wata tsoka ce da ta taso daga ƙashin baya da ƙugu, ta bi ta matsematsi ta kama saman ƙashin cinya. Wannan ta biyun mutane ba su san da ita ba, alhali kuwa mu da ke wuni zaune bisa benci daga safe har azahar, sa'an nan mu koma karatun dare, ita ce ta fi ƙagewa a jikinmu. Allah Ya halicci tsoka da wani irin tsaro: in aka fizge ta da sauri sai ta ɗaure kanta, don kada ta yage. Saboda haka mai yin sukuwa a kan cinyarsa, yana danna ta yana saki, faɗa yake yi da jikinsa, jikin kuwa shi zai ci. Masana sun ce ci gaban da ake gani a makonnin farko, yawancinsa ba tsawo tsokar ta ƙara ba, jiki ne ya saba da jan har ya daina ɗaukarsa haɗari. Wato abin lallashi ne, kamar yadda ake saba wa ɗan maraƙi da igiya.

Ni dai ga yadda nake yi. Nakan zagaya filin ƙwallo sau biyu da ɗan gudu har in ji gumi ya tsatso, don ba a jan tsoka mai sanyi. Sai in durƙusa bisa gwiwa ɗaya, ɗaya ƙafar a gaba, in tura ƙugu gaba a hankali, in ƙirga talatin. Sai in ja baya in miƙe ƙafar gaba, yatsu na kallon sama, in sunkuya daga ƙugu, ba daga gadon baya ba, in sake ƙirga talatin. Bayan wannan ne nake dafa bulo biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, in bar diddige ya riƙa sulalewa gaba da kansa, ina numfashi ta hanci, duk fitar numfashi in ɗan ƙara sauka. Cibiya tilas ta kalli inda yatsun ƙafar gaba ke kallo. Wanda ya karkata ƙugu gefe zai ga ya kusa ƙasa nan da nan, 'yan kallo su tafa masa, amma kansa ya cuta, don tsokar da ake nema ba ta ji komai ba. In na gama da dama sai in juya hagu. Duka bai fi minti ashirin ba, sau uku a mako.

Zafi iri biyu ne, ya kamata kowa ya san bambancinsu. Akwai ja mai faɗi a tsakiyar tsoka, wanda in ka tsaya ka yi numfashi sai ka ji yana lafawa. Wannan shi ake nema. Akwai kuma suka kamar ta tsinke a daidai ƙashin zama, ko a bayan gwiwa. Wanda ya ji wannan ya tashi nan take.

Wata biyun farko abin ya yi ta gudu, daga 26 na sauko 19, na sauko 14, har na soma lissafin ranar da zan taɓa ƙasa. Sai hunturu ya shigo. Duk wanda ya yi sanyin Disamba da Janairu a Katsina ya san yadda jiki ke komawa kamar busasshen ƙirgi, kaushi ya tsattsage diddige, iska ta riƙa watsa wa mutum rairayi a ido. Rula ta tsaya a kan 12, ta ƙi motsi. Mako ɗaya, biyu, har biyar. Kullum in zo in shimfiɗa tabarma, in yi duk abin da na saba, in auna, 12. Wata rana ma 13 na gani. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma wanda ya yi karin maganar bai faɗi irin haushin da matafiyin ke ƙunsa a hanya ba. A darasin lissafi in ka yi ƙoƙari yau, gobe za ka ga sakamako a takarda. Nan kuwa ba wanda za ka kai wa ƙara, ba kuma wanda za ka kwafa a wurinsa. Ban san ranar da abin ya saki ba. Na dai auna wata Laraba cikin Fabrairu na ga 10.

A cikin waɗannan makonni ne wani abu ya faru wanda shi ya fi sa ni rubutun nan. Wasu manyan ɗalibai, ba zan faɗi suna ko gida ba, suka yi gardama a kan ko ana iya talewa rana ɗaya. Suka kamo wani yaro ɗan aji biyu, suka sa shi ya ware ƙafa, ɗaya ya dafa kafaɗunsa ya danna da ƙarfinsa duka. Waɗanda ke wurin sun ce sun ji ƙara kamar an tsinka igiya. Yaron ya yi mako shida yana ɗingishi, zama bisa benci ma sai a karkace. Ma'aikacin jinyar da ya duba shi ya gaya wa malamin wasanni, shi kuma ya tara mu ya gaya mana, cewa a jikin wanda bai gama girma ba, bakin ƙashin nan da tsokokin cinya suka kama bai gama haɗewa da uwar ƙashin ba, sai wajen shekara ashirin ko fiye. In aka fizga da ƙarfi, tsokar na iya ɓamɓaro ɗan guntun ƙashin gaba ɗaya. Yaron ya yi sa'a nasa bai kai haka ba. Ina roƙon manyanmu, don Allah, abin da ya ɗauke ni wata biyar ban kai ba, kada a nemi ɗan wani ya kai shi cikin minti ɗaya don a yi dariya.

Yanzu sai maganar addini. Da muka tafi hutu, ashe labari ya riga ni isa gida. Wadda ta fara tare ni ita ce kakata, ta same ni a tsakar gida bisa tabarma, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma. Ta riƙe haɓa ta ce, "Mai gidana, mi ya same ka? Ko bori ne ya hau ka a makarantar bokon?" Na ce mata motsa jiki ne, daga littafin wani Ba'indiye. Ta ce, "Littafi? Sai an buɗa littafi kana a miƙe ƙafa?" Sai ta ajiye carbinta, ta sunkuya, gwiwa a miƙe sarai, ta shimfiɗa tafin hannunta biyu a ƙasa, ta ɗago ta dube ni. Tsohuwar nan ta ba saba'in baya. Ta ce, "Ni kau tsintsiya da turmi suka koya mani." Na yi shiru, don a lokacin ni da ƙyar yatsuna ke taɓa ƙasa. Tun daga ran nan nake lura da iyayenmu mata in suna shara ko wanki a sunkuye, ko suna zaune ƙafa miƙe suna tsince shinkafa, bayansu a tsaye cak. Abin da muke nema da rula da agogo, su aikin gida ya ba su kyauta.

Na Baba bai zo da wasa ba. Bayan sallar isha'i ya kira ni zaure, ya ce in zauna. Ya ce, "An ce mini kana wani abu na masu bautar gumaka. Gaskiya ne?" Na kwashe labari duka na gaya masa, har da na Hanuman, ban rage komai ba. Ya yi shiru, sa'an nan ya yi mini tambaya uku. Ya ce, akwai wani abu da kake karantawa ko kake kira in kana yi? Na ce babu, Baba, ƙirga nake yi daga ɗaya zuwa talatin. Ya ce, akwai wanda kake rusuna wa, ko rana ko wani abu? Na ce babu. Ya ce, ya taɓa sa ka makara salla? Na ce a'a. Ya ce to, shi ba malami ba ne, in mun koma in je in sami malaminmu na addini in gaya masa kamar yadda na gaya masa, abin da ya ce shi ke nan. Kafin nan kuwa in dakata. Na dakata, mako uku cur, ina ji a jikina ana mayar da ni baya.

Cikin hutun nan yayana da ke Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya taya ni bincike a wayarsa, muka tarar ashe ba a zauren gidanmu aka fara wannan shari'a ba. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin yoga, saboda kirari da addu'o'in Hindu da ke cikinta. A farkon 2009 majalisar malaman Indonesiya ta zauna a kan maganar, ta raba ta biyu: wadda ke da waɗancan addu'o'i haramun ce, wadda kuwa motsa jiki ce zalla ba laifi. A 2017 Saudiyya ta yarda a riƙa koyar da ita a matsayin wasa. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tun a Disamba 2014 ta keɓe ranar 21 ga Yuni ta kowace shekara ta zama ranar yoga. Mun kuma gano cewa wani littafinsu na ƙarni na 15, Hatha Yoga Pradipika, zama iri 15 kaɗai ya lissafa, babu talewar nan a ciki. Wani Baturen Ingila, Mark Singleton, ya yi littafi a 2010 inda ya nuna cewa yogar da ake yi a zamanin nan ta cakuɗa ƙwarai da atisayen motsa jiki na Turai a farkon ƙarni na 20. Talewa dai 'yan wasan alkafura na yi, 'yan rawa na yi, 'yan takwando na yi, ba wanda ya san Hanuman a cikinsu.

Da muka dawo na sami malaminmu a bakin masallaci. Ya saurare ni har na gama, ya nemi ganin littafin, ya kwana biyu da shi. Da ya dawo mini da shi ya ce, "Ɗana, littafin nan abu biyu ne a haɗe. Gabansa aƙida ce, ba taka ba ce, ba ruwanka da ita. Hotunan kuwa jiki ne, cinya kuma ba ta da addini. Miƙe ƙafarka, amma kada ka kira abin da suke kira, kada ka haɗa tafin hannu bisa kai yadda ya yi a hoton ƙarshe, sunan ma ka bar musu abinsu." Ya ƙara mini da wani labari da ban taɓa ji ba, cewa kimanin shekara 1,000 da suka wuce wani babban malamin Musulunci, Albiruni, ya koyi harshen Indiyawa har ya fassara littafin Patanjali na yoga zuwa Larabci, don Musulmi su san abin da mutanen suke cewa. Ya ce sanin abu daban, bin sa daban.

Ra'ayina a nan, in an yarda yaro ya faɗi nasa, shi ne masu cewa yoga ba komai ba ce sai motsa jiki ba su yi wa Indiyawa adalci ba, don a wurin da yawansu ibada ce, littafin da kansa bai ɓoye haka ba. Masu cewa kuma duk wanda ya ware ƙafa ya yi shirka, sai su fara da golan makarantarmu, wanda ke yi kowace Asabar ana yi masa tafi. Na san akwai malaman da ke ganin gara a nisanci abin ɗungurungum, don kada ƙaramin abu ya ja babba. Abokina da muka fara tare, mahaifinsa na wannan ra'ayi ne, ya aiko masa ya bari, ya kuwa bari a ranar. Ban ga laifinsa ba, da Baba ya ce haka da ni ma na bari. Har yanzu yakan zo ya zauna a kan bulo ya riƙe mini agogo.

A gasar gidaje ta bana na zo na uku, ban taɓa shinge ko ɗaya ba. Rula kuwa, in ƙafar dama ce a gaba tana nuna santimita 4, in ta hagu ce 9. Hagun nan ita ke ba ni wahala, malamin wasanni ya ce kusan kowa da ɓangaren da ya fi masa tauri, in riƙa ba ta ƙirga biyu in na ba dama ɗaya. Wanda ke son koyo, muna bayan ɗakin gwaje-gwaje ran Litinin da Laraba da Asabar bayan la'asar, malamin wasanni na tsaye a kanmu. Ya zo da tabarmarsa da wando mai yalwa, bulo akwai su nan. 'Yan aji ɗaya da biyu kuwa Malam ya ce ba zai karɓe su ba sai da takarda daga gida.